Soso a Kafaɗar Yaya

Shekara goma sha tara ina ɗinkin mata, kuma duk layinmu an san ni da abu guda: ba na awo. Mace za ta shigo shagona da yadinta, in ce ta tsaya, ta juya, ta ɗaga hannu, shi ke nan, ta dawo ranar Alhamis. Tef ɗina yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, gizo-gizo har ya yi masa saƙa. In wata ta ce, "Ba za ki gwada ni ba?" sai in ce mata ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Da haka aka laƙaba mini Mai Ido, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu, don ina da son yabo, ba zan ɓoye ba.

Mutum ɗaya ce ba ta kirana da wannan sunan, ita ce Yayata. Ita Auta take ce mini, ko a gaban masu kawo ɗinki, ko da furfura ta fara leƙo mini. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta kai ni koyon ɗinki da ta ga boko ya ƙi shiga kaina. Rigar mama ta farko da na sa a duniya ma ita ta sayo mini, bayan ta auna ƙirjina da zaren saƙa tana dariya, tana cewa abin da za a rufe ɗin bai kai a tashi tela ba. Malamar sakandare ce, labarin ƙasa take koyarwa, shekara ashirin da shida tana riƙe da alli. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu duk maza ne kuma aiki ya yi nisa da su. Aji shi ne gidanta na gaskiya.

Bara aka gano ciwon daji a nononta na hagu, aka yi mata aiki aka cire shi. Kowa ya yaba da jinyar da na yi. Na rufe shago wata guda, na yi girki, na yi wanki, na yi zaman asibiti har ƙafafuna suka kumbura. Abin da ba wanda ya lura da shi shi ne, duk sanda nas ta shigo canja bandeji, sai ruwan zafi ya ƙare a filas, ko waya ta kama ni a waje. Ban taɓa ganin wurin ba. Bayan an sallame ta ma, in muna magana fuskarta nake kallo, in na gaji in kalli ƙafarta. Tsoro nake ji, kuma ina jin kunyar tsoron.

Da ta warware za ta koma aiki, sai ta kawo mini yadi. Ban ce ta tsaya ba, ban ce ta juya ba. Amma idon tela ba ya neman izini. Da wutsiyar ido na ga hagu ta shafe, na kuma ga kafaɗar dama ta ɗan sauka. Sai na yi abin da na iya. Na yi tattara a ƙirjin hagu na ɗora fure a kai, na yanko soso siriri na cusa a kafaɗar dama tsakanin yadi da shafi, na ɗinke yadda ko tela ɗan'uwana sai ya lalube zai gane. Ta sa riga ta zauna mata cas. Ban ce komai ba, ita ma ba ta ce ba. Cikin wata takwas na yi mata riga shida, kowace sosonta ya fi na baya kauri, furen kuma sai ƙara girma yake.

A tsakanin nan takan ce, "Auta, tara mini ƙyallayen nan da kike sharewa, matashin kai zan cusa." Sai in ƙulle mata a leda. Ban taɓa tambayar kaina wane irin matashi ne wata takwas bai cika ba.

Wata Laraba da hantsi, lokacin da ya kamata tana aji, sai ga ta a shago. Ta zauna a benci ba ko sallamar kirki, ta buɗe jaka ta ajiye wani dunƙule a kan teburin yanka. Ƙyallaye ne a nannaɗe kamar ƙwallo, an ɗaure da zare, duk sun yi fari fat da garin alli. Na san kowane ƙyalle a ciki. Ga shuɗin matar mai kanti, ga ɗorawar amaryar bayan layi, ga ragowar rigar Yaya ta uku.

"Mene ne wannan?" na tambaya, alhali na sani.

"Matashin kai," in ji ta.

Ta ba ni labarin da murya ɗaya, kamar tana karanta sanarwa. Tana zana kogi a saman allo, ta miƙa hannu sosai, sai abin ya zame daga cikin rigar mamanta, ya bi ta ƙasan riga ya faɗo. Ya gangara har gaban tebur na farko. Yara arba'in da biyu suna kallo.

Nan take zuciyata ta hau. "Wace marar tarbiyya ce ta yi dariya? Faɗa mini sunanta, yanzu in je har gidansu!"

"Zauna, sarkin faɗa. Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da na san abin da zan yi da su. Shiru suka yi, kowa ya sunkuyar da kai kamar an yi mutuwa."

"To sai kika yi yaya?"

"Na duƙa na ɗauka, na goge allo da shi, na ƙarasa darasina."

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Ita kuwa ta sake buɗe jaka ta zaro farin ambulan ta nuna mini. Takardar ajiye aiki ce. Ta ce ta rubuta ta a ɗakin malamai kafin ta fito, ta nemi hutun kwana biyu, ranar Litinin za ta miƙa wa shugaban makaranta. Ta ce ba za ta sake tsayawa gaban yaran nan suna satar kallon ƙirjinta suna tausaya mata ba. Wanda ya san Yaya ya san in ta ce Litinin, to Litinin ɗin ce.

Garin mayar da ambulan wani ɗan kati ya faɗo, gefensa duk ya lanƙwashe. Na riga ta ɗauka. Adireshin wata mata ce mai auna rigar mama da nonon roba ga waɗanda aka yi wa aiki. A ƙasa an rubuta da biro: Ki zo da mace ɗaya taki.

"Tun yaushe wannan yake jakarki?"

"Tun ranar sallama daga asibiti."

"Me ya hana ki zuwa?"

Ta karɓe katin ta mayar jaka. Na yi ta magiya, na yi fushi, na yi rantsuwa ba zan ƙara taɓa yadinta ba. Daga ƙarshe ta ce, "Zan je ranar Asabar don ki bar ni in sha ruwa. Amma takarda tana nan yadda take."

Wurin ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin magani, sai an hau matakala mai duhu. Ciki akwai dogon madubi, labule mai kauri, kujera biyu, fanka tana juyi a kusurwa, da kwalaye jere a kan kanta har rufi, kowane da lamba. Matar tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, kowa Sista yake ce mata. Gajera ce mai jiki, tabarau a rataye a wuya, bakinta kuma ba linzami. Ta kulle ƙofa da makulli, ta dube mu sama da ƙasa.

"Wace ce mai jikin, wace ce 'yar rakiya?"

"Ni ce," in ji Yaya. "Wannan ƙanwata ce. Tela ce."

"Tela? Ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Ni dokata ɗaya ce a ɗakin nan, 'yar rakiya ita ke riƙe tef. Ba na bin kowa gida, jiki kuwa canjawa yake, bayan wata shida sai an sake awo. To tela, nawa ne ƙasan ƙirjin yayarki?"

"Talatin da takwas," na faɗa ba ko tunani, har da ɗan ɗaga kai.

"Yaushe kika auna?"

"Ni ba na awo. Ido nake sa wa."

"Allah Ya ba da sa'a," in ji Sista, ta sa tabarau. Ta zagaya bayan Yaya, ta ɗora tafin hannu a kafaɗunta biyu, sai ta tsaya. Ta matsa ta dama. Ta sake matsawa. Ta zura yatsa ta wuyan riga ta juyo shafin waje.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Ta dube ni. Ai ba sai an faɗa ba.

"Wallahi gwani ne. Shekara nawa ina wannan sana'a ban ga an ɓoye soso haka ba. Malama, wuyanki yana ciwo?"

"Kullum."

"Bayanki fa?"

"In na yi awa biyu a tsaye sai na dafa tebur."

"Kin faɗa wa likita?"

"Ya dube ni ya ce tsayuwata daidai take."

"Ina zai gani, an toshe masa ido da soso?" Sista ta juyo gare ni. Ba tsawa ta yi ba, da tsawar ce ma da ta fi mini sauƙi. "'Yar nan, nauyi ne ya tafi daga gefe ɗaya, jiki ya karkata yana neman daidaito. Ƙyalle ba ya da nauyi, ba zai riƙe komai ba. Kafaɗa tana sauka kina ƙara soso, riga tana miƙewa mutum yana lanƙwashewa a ciki. Ke da kika fi kowa ganin abin, ke ya kamata ki fara magana."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gumi ya keto mini duk da fanka.

"Malama, cire riga," in ji Sista. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Yaya ta fara ɓalle maɓalli. Ni kuwa, don tsabar sabo, sai na ji bakina yana cewa, "Bari in sauka in sayo mana ruwa."

"Ga ruwa can a kan kanta," in ji Sista. "Ƙofa kuma na kulle."

Yaya ta tsayar da hannunta a maɓalli na uku. Ta madubi take kallona.

"Ƙyale ta ta tafi, Sista. Ba ta iya kallo. Kin tambaye ni me ya hana ni zuwa, Auta. An ce in zo da mace ɗaya tawa. Ke kaɗai gare ni, ke kuma ko bandeji ba ki iya tsayawa a canja ba. Kina tsammani ban san filas ɗin nan a cike yake ba?"

"Yaya..."

"Bari in gama. Duk rigar da kika ɗinka mini, in na kai gida sai na juya cikinta na duba. In ga inda kika ƙara soso, in ga furen ya ƙara faɗi. Sai in ce, to, abin ya ƙara muni ke nan, tunda Mai Ido ta gani. Yaran aji kwana ɗaya suka sunkuyar da kai. Ke wata takwas kina yi."

Ba ta taɓa kirana Mai Ido ba sai ranar. Hawaye suka zubo mini, na kunya ne tsantsa, ba na tausayi ba. Na so in ce don kada ta ji ciwo na yi, amma ƙarya ce, kuma Yaya ta san ƙaryata tun ina rarrafe. Kaina na tausaya wa.

Sista ta miƙo mini tef. Na karɓa. Na ce, "Cire, Yaya."

Ta cire rigar, ta cire tsohuwar rigar maman da ta saki, wani sabon dunƙulen ƙyalle ya faɗo a cinyarta. Na ɗaga ido na duba.

Tabo ne. Layi ɗaya, daga tsakiyar ƙirji ya tafi har ƙarƙashin hammata, ya ɗan yi duhu, fatar ta tattare kaɗan a ƙarshensa kamar bakin ɗinkin da aka ja zare da yawa. Haƙarƙarinta sun fito. Abin da na yi wata takwas ina gudu ke nan, bai kai tsawon almakashina ba. Sama da shi kuma ga jan shatin da igiyar riga ta yi mata a kafaɗa, ga wani gurjin da ƙyallayen shagona suka yi mata a fata.

"Fara da ƙasan ƙirji," in ji Sista. "Zagaye haƙarƙari, tef ya kwanta, kada ya hau ta baya. Kada ki shaƙe ta, kada kuma ki sake. Malama, saki numfashi."

Sai da na rungume ta kafin tef ya zagayo. Rabon da in matso ta haka tun kafin asibiti. Bayan hannuna ya taɓa tabon, na ji shi da ɗumi kamar sauran jiki.

"Nawa?"

"Talatin da huɗu," na faɗa a hankali.

"Ɗazu nawa kika ce?"

"Da takwas."

"Inci huɗu na yayarki sun tafi kina ɗinka wa wadda kika sani da. To, yanzu gefen mai lafiya. Ɗora bakin tef a tsakiyar ƙashin ƙirji, bi ta kan nono inda ya fi tudu, zagaya har tsakiyar gadon baya. Abin da ya ba ki, ki ninka biyu."

Na yi. Tef ya zame, na sake. Yaya ta ce, "Tela guda ba ta iya riƙe tef ba, kai jama'a, asarar kuɗin koyo." Muryarta ta ɗan saki, na ji sanyi a raina.

Sista ta hau ɗan tebur ta sauko da kwalaye uku. Ta fito da rigar mama mai faffaɗar igiya, da aljihu a ciki inda nonon roba yake zama, ba ya zamewa ko an yi tsalle. Ta buɗe kwali ta ɗora mini ɗaya a tafin hannu. Na zaci abu ne sakayau kamar soso, sai na ji shi da nauyi, da laushi, yana ɗaukar ɗumin hannu.

"Nauyin ne maganin," in ji ta. "Ba don idon mutane kaɗai ake sa shi ba."

Na farko ya yi girma, ya tasa riga gaba. Na biyu ya zauna ƙasa da ɗan'uwansa. Sista ta zuba mini ido. Na ja da baya, na dubi ƙirjin Yaya sosai, ido cikin ido da abin, yadda nake duban kowace mace a shagona.

"Na biyun ne, amma a ɗage igiyar hagu rabin inci," na ce.

"Yanzu idon ya yi amfani," in ji Sista.

Aka ɗage. Ta ba Yaya wata farar riga mai laushi marar ado ta sa a kai, ta ce a irinta ake gane gaskiya. Ta sa ta duƙa, ta sa ta juya, ta sa ta zauna ta tashi. Yaya ta tsaya gaban madubi ta daɗe. Sai ta ɗaga hannun dama sama, can ƙarshen inda yake kaiwa, ta ja wani dogon layi mai lanƙwasa a iska. Kogin take zanawa. Ta sauke hannu ta shafa ƙirji. Komai yana inda aka sa shi. Ta sake yi, har da ɗage.

"Kafaɗar ba yau za ta koma ba," in ji Sista. "Ki koma wa likita, ki je masa da rigar da ba soso. Ke kuma tela, rubuta awon nan da kwanan wata. Nawa yana littafina, naki nake so ki riƙe."

Na laluba jakata. Almakashi, alli, zare, allura a jikin ƙyalle. Ba takarda ko ɗaya, don ban taɓa mallakar littafin awo ba. Kunya ta sake rufe ni.

Yaya ta jawo tata jakar. Ta zaro farin ambulan, ta farke bakinsa, ta fito da takardar ta kifa ta a kan kujera, bayanta yana sama. Ta miƙo mini jan biron da take duba jarrabawa da shi.

"Rubuta a nan."

"Yaya, takardar ce fa."

"Na san ko mece ce, ni na rubuta ta. Rubuta manya-manya yadda za ki gani. Talatin da huɗu."

Na durƙusa a gaban kujera na rubuta, jan tawada yana ratsawa har ɗaya gefen.

"In kin gama," in ji ta tana ɓalla maɓallin rigarta, "ki biyo ni gida ki kwashi rigunan nan shida. Ina son ɗaya kafin Litinin, ba fure, ba tattara."

Ranar Lahadi na zauna a shago na farke kafaɗa shida. Na jera soson a kan teburin yanka, daga siriri zuwa mai kauri, kowane ya ɗara na bayansa da kaɗan, daidai yadda kafaɗarta ta riƙa sauka wata bayan wata. A nan kam, ko sau ɗaya idona bai yi kuskure ba. Duk na gani.